Makaɗan Berdicef: An Raina Su, An Kasa Biki Ba Su

A ƙasar Yukiren, kudu da birnin Zhitomir, akwai wani gari mai suna Berdicef. Ba babba ba ne, amma a ƙarni na 19 babu Bayahuden daular Rasha da bai san sunansa ba. Ƙidayar 1897 ta nuna Yahudawan garin sun haura dubu 40, kusan mutum huɗu cikin kowane biyar. A lokacin garin fatauci ne da malanta, kuma a nan kabarin babban malaminsu Levi Yitzhak yake, wanda ya rasu a 1809. Ni dai abin da ya ja ni zuwa tarihinsa shi ne makaɗansa.

A wancan zamani, kiɗa da waƙa a Berdicef gida biyu ne. A cikin majami'a ba a shiga da kayan kiɗa, saboda makokin rushe Haikalin Ƙudus a shekara ta 70. Murya ce kawai. Hazzan, wato mai jan addu'a da rerawa, yana tsaye a gaba, yara da manya 'yan amshi suna kewaye da shi. Garin ya yi hazzan Yeruham Blindman, wanda ake wa laƙabi da Ƙarami don gajartarsa. Daga 1877 sai Nisi Belza ya karɓa. Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma wajen tsara waƙa da horar da 'yan amshi ba a kama ƙafarsa ba, kuma yaransa da yawa sun zama manyan hazzan a wasu garuruwa.

Gida na biyu na makaɗan biki ne, waɗanda ake kira kilezma. Shugaban ƙungiya shi ke riƙe da goge irin na Turawa, sauran suna da sarewa da babban goge da ganga. Kafin ɗaurin aure akan zaunar da amarya a kujera, mata su kewaye ta. Sai badhan, mai baitocin biki, ya miƙe yana tuna mata cewa ƙuruciya ta ƙare, yana ambaton iyayenta in sun rasu. Duk baitin da ya sauke, goge ya amsa masa, har ɗakin ya ɓarke da kuka. Daga nan a raka ango da amarya da kiɗa zuwa rumfar ɗaurin aure, a kwana ana rawa, mai son a kaɗa masa ya biya.

Duk da haka, makaɗi ba shi da daraja a idon masu gari. Attajiri zai nemo shi don bikin 'yarsa, amma ba zai ba shi aurenta ba. Sana'ar gado ce, suna auren junansu, har da zaurancensu na kansu. Cikin wannan raini aka samu Yosele Druka, wanda ya rayu daga 1822 zuwa 1879, aka fi saninsa da Stempenyu. Marubuci Sholem Aleihem ya ɗauki sunansa ya yi littafi a 1888, kan makaɗin da gogensa ke sace zuciyar mata. Bayan Druka, makaɗi Pedotsa, wanda ya rasu a 1902, ya yi suna har manyan masu ƙasa waɗanda ba Yahudawa ba suna gayyatarsa.

Sojojin Jamus sun shiga Berdicef a Yulin 1941. Ranar 15 ga Satumba suka harbe Yahudawa kusan dubu 12 a bayan gari, ciki har da mahaifiyar marubuci Vasili Grossman. Masu biki da masu kiɗan duk sun tafi tare.

Babu faifan da ya ɗauki gogen Druka. Abin da ya rage na kiɗan wannan yanki, mafi yawansa aikin mutane irin Moise Beregovski ne, wanda ya bi garuruwa yana naɗar tsofaffin makaɗa yana rubuta karinsu. An ɗaure shi a 1950, amma taskarsa tana nan a ɗakin karatu na Vernadski a Kiyef.

A ganina, al'ummar da ta bar makaɗinta a bakin ƙofa tana wasa da tarihinta ne. Duk wanda ke da tsohon makaɗi a garinsu, ya je ya naɗi kiɗansa da labarinsa tun yana da rai.