Yadda ake gane saƙon na'urar awo ba na jabu ba ne

Na'urorin awo marasa waya ƙananan na'urori ne masu aiki da batir ko hasken rana, waɗanda ake dasawa a gona, bakin gulbi ko cikin rijiya. Suna auna danshin ƙasa, zafi ko hawan ruwa, su tura sakamakon ta iska zuwa babbar tasha, kamar yadda muryarmu ke isowa cikin rediyonku. To, abin da ya bi iska kowa na iya kama shi, kuma mai na'ura irin tasu na iya tura nasa saƙon.

A Yamai, in kogin Isa ya kai santimita 620 ana shelar jan gargaɗi. Mu ɗauka na'ura ce ke aiko da awon. In wani ya cusa ƙarya, ko dai a tashi mutane cikin dare a banza, ko kuma, wanda ya fi muni, ruwa ya iske su suna barci. Ɓoye awon bai dame mu ba, tunda ba sirri ba ne. Abin da muke so mu sani shi ne wa ya aiko, kuma ba a taɓa shi a hanya ba.

Maganin shi ne hatimin lissafi. Na'ura da tasha suna da mabuɗin sirri guda. Na'urar ta haɗa saƙon da mabuɗin, lissafi ya fitar da ƴan lambobi, ta liƙa su a wutsiyar saƙon. Tasha ta sake lissafin da nata mabuɗin. In lamba ɗaya ta saɓa, sai ta yi watsi da saƙon.

Hatimin gajere ne da gangan, don tura saƙo ya fi lissafi cin batir. Tsarin TinySec da masana jami'ar Berkeley ta Amurka suka fitar a 2004 bayit 4 kawai ya ba shi, haka ma tsarin LoRaWAN. Duk da haka, mai cinke sai ya dace da ɗaya cikin sama da biliyan 4.

Ɓarawo mai wayo yakan naɗi saƙon jiya na gaskiya, ya sake tura shi yau. Shi ya sa kowane saƙo ke ɗauke da lambar jeri, tasha ba ta karɓar wadda ta riga ta wuce.

Inda abin ke da rauni shi ne na'urar kanta, tana can daji ba mai gadi. In an sace ta ana iya ciro mabuɗin, don haka ake ba kowace na'ura nata daban, a soke na wadda ta ɓace kawai.