Yadda Ƙananan Ƙungiyoyi Suka Sha Kayar Da Manya A Ƙwallon Ingila

Duk wanda ya zauna ɗakin kwana tare da mu zai tuna irin musun da muke tafkawa bayan sallar isha'i. Wannan ɗan Arsenal ne saboda Kanu, wancan ɗan Manchester United, wani kuma ya koma Chelsea da rana tsaka. A lokacin mun ɗauka haka ƙwallon Ingila ya taso, wato ƙungiyoyi uku ko huɗu ke da kofi, saura kuwa 'yan rakiya ne. Da na bi tarihin daga baya, sai na tarar ba haka abin ya faro ba.

Mu fara da Ipswich, wani gari da ke gabashin Ingila. A 1955 ƙungiyar garin ta ɗauki Alf Ramsey ya horar da ita, tana rukuni na uku. Ya hau da ita rukuni na ɗaya a 1961, kuma a kakarta ta farko cikin manya ta cinye gasar a 1962. Shi ne mutumin da ya ciyo wa Ingila kofin duniya a 1966.

Amma a ganina babu labarin da ya kai na Brian Clough. Mutum ne mai kaifin baki, ba ya shakkar kowa, shi ya sa ba ya daɗewa bai saɓa da shugabanninsa ba. Ya ɗauko Derby County daga rukuni na biyu ya ci gasa da ita a 1972, shekara guda bayan haka rigima ta raba su. Leeds United ta ɗauke shi a 1974, kwana 44 kacal ya yi aka sallame shi. Mutane da yawa sun ɗauka tasa ta ƙare. A watan Janairun 1975 ya karɓi Nottingham Forest, ita ma tana fama a rukuni na biyu, sannan tsohon abokin aikinsa Peter Taylor, gwani wajen gane ɗan wasa, ya biyo shi a 1976.

Abin da suka yi shi ne tattara waɗanda wasu suka raina. John Robertson, wanda ake gani ya yi ƙiba ba shi da wani amfani, ya zama ƙashin bayan ƙungiyar. Kenny Burns ɗan gaba ne a Birmingham, suka sayo shi suka mai da shi ɗan baya. Inda kawai suka buɗe bakin aljihu sosai a farko shi ne wajen sayen gola Peter Shilton. Da kyar suka hau rukuni na ɗaya a 1977, don na uku suka zo, amma a 1978 sai ga su da kofin gasa, sun bar Liverpool a baya. Sun yi wasa 42 a jere a gasar ba a ci su ba. A kofin zakarun Turai kuma aka haɗa su da Liverpool ɗin, mai riƙe da kofin, tun a zagayen farko, suka fitar da ita. Suka ci Malmo ɗaya da nema a wasan ƙarshe na 1979, suka maimaita a kan Hamburg a 1980. Har gobe Forest sau ɗaya ta ci gasar gida, amma kofin Turai sau biyu ta ɗauka.

To, me ya sa hakan ke yiwuwa a wancan zamani? Amsar tana wajen rabon kuɗi. A da, idan ƙaramar ƙungiya ta je wasa gidan babba, akan ba ta kaso daga kuɗin ƙofa, kuɗin talabijin kuwa ba su taka kara sun karya ba, kuma ana rarraba su har zuwa ƙananan rukunai. A 1983 aka soke rabon kuɗin ƙofa, mai gida ya riƙe abinsa. A 1992 ƙungiyoyin rukuni na ɗaya suka ɓalle suka kafa gasar Firimiya, da yarjejeniyar talabijin ta fam miliyan 304 na shekara biyar. A 1995 kuma hukuncin Bosman ya ba ɗan wasa damar tafiya kyauta idan kwantiraginsa ya ƙare. Daga nan riƙe gwani ya gagari mai ƙaramin ƙarfi.

Kafin ƙofar ta gama tsukewa, Wimbledon ta yi nata abin mamakin. Sai a 1977 ta shiga rukuni na huɗu, amma a 1988 ta doke Liverpool ɗaya da nema a wasan ƙarshe na kofin FA, golanta Dave Beasant har ya tare fenareti. John Fashanu, wanda mahaifinsa ɗan Nijeriya ne, yana cikin waɗanda suka buga. Wasu kan sa Blackburn ta 1995 a wannan sahu, ni dai ban yarda ba, domin dukiyar attajiri Jack Walker ce ta sayo mata su Alan Shearer.

Bayan Blackburn an yi kaka 20 kofin bai fita daga hannun Manchester United da Arsenal da Chelsea da Manchester City ba. Ashe abin da muka tashi muka tarar ke nan muka ɗauka shi ne asali.

Sai Leicester City ta zo. A farkon Afrilun 2015 ita ce ta ƙarshe a teburi, ta tsira ne da cin wasa 7 cikin 9 na ƙarshe. Da Claudio Ranieri ya karɓe ta, kamfanonin caca sun ce wanda ya zuba fam 1 a kan za ta ci gasa, fam 5,000 zai kwasa, don ba su zaci za a biya kowa ba. Jamie Vardy daga rukunin 'yan dagaji aka sayo shi a 2012, Riyad Mahrez kuma daga rukuni na biyu na Faransa. Sun bar wa manya riƙe ƙwallo, su kuma da N'Golo Kante ya ƙwato sai su fyalla da gudu. Sau 3 kawai aka ci su, suka gama da maki 81 a 2016, sun ba Arsenal ratar maki 10.

A nan ne bambancin zamani ya fito fili. Clough ya yi shekara 18 a Forest, ya samu lokacin ɗora nasara kan nasara. Ita kuwa Leicester, ko wata uku ba a yi da ɗaga kofi ba Chelsea ta ɗauke Kante, a daidai lokacin da namu Ahmed Musa, tsohon ɗan Kano Pillars, ya iso daga CSKA Moscow. A Fabrairun 2017 aka sallami Ranieri, Mahrez kuma ya tafi Manchester City a 2018. Sun sake farfaɗowa sun ci kofin FA a 2021, tare da Wilfred Ndidi da Kelechi Iheanacho, kuma Chelsea ɗin suka doke. A 2023, shekara bakwai bayan cin gasa, suka faɗo rukuni na biyu.