Daga Takardar Koke Zuwa Wayar Hannu: Gwagwarmayar Matasanmu Jiya Da Yau

 Yau tarihi za mu waiwaya, mu ga yadda matasa suke tashi neman gyara a cikin al'umma tun zamanin Turawa, musamman a nan Kaduna. Kada ki ce ina ruwanki tunda kina cikin gida. Duk yaron da kika ji an ce ya fita kan titi, daga ɗakin wata uwa ya fito.

A shekarar 1949 wasu 'yan boko, yawancinsu malaman makaranta da akawuna, suka taru a Kaduna suka ƙaddamar da Jam'iyyar Mutanen Arewa, Dokta R.A.B. Dikko yana shugabanta. Makaminsu taro ne da muhawara da takardar koke. A watan Agusta na 1950 kuma aka kafa NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya zama jagoranta. Shekarunsa 30 kacal a lokacin.

Ba a bar mata a baya ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka haifa a 1933, ba ta kai shekara 20 ba ta shiga NEPU. Gida-gida take bi, tana shiga wajen matan kulle irinki, tana yi musu bayanin ilimi da 'yancin jefa ƙuri'a. Ta sha duka, ta sha ɗauri. Matan Arewa ba su samu wannan 'yanci ba sai 1976. Ki lura da abu ɗaya game da mutanen wancan zamani: kowa ya san sunan ƙungiyarsu, ya san shugabanta, ya san abin da take nema. In an kama mutum, akwai masu bin sawunsa.

Da makarantu suka yawaita, sai gwagwarmaya ta koma hannun ɗalibai. A watan Afrilu na 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin ɗalibin jami'a na kowace rana. Ɗalibai a duk faɗin ƙasa suka ce sai Kanar Ahmadu Ali, mai riƙe da ma'aikatar ilimi, ya sauka. Aka harbe ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, aka kuma haramta ƙungiyarsu ta ƙasa. A watan Mayu na 1986 aka sake zubar da jini a wannan jami'a, har da ɗaliba mace cikin waɗanda suka rasu. A zamanin Abacha ma, Shehu Sani, tsohon shugaban ɗalibai a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ya shiga kurkuku a 1995 saboda adawa da mulkin soja, bai fito ba sai 1998.

To amma ƙarfin matasa kamar wuta yake, tana dafa tuwo, tana kuma cin gida. Mu mutanen Kaduna mun ga wannan da idonmu a rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002. Matasa aka tura gaba, su suka kashe, su aka kashe. Bayan ƙura ta lafa sai gari ya rabu: yawancin Musulmi suka tattaro arewa da kogi, su Tudun Wada, Rigasa, Kawo da Unguwar Sarki, yawancin Kirista suka koma kudu, su Sabon Tasha da Narayi. Maƙwabtan shekara da shekaru suka zama baƙin juna.

A cikin garin nan kuma aka ga wani salon. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye kowannensu ya jagoranci matasan ɓangarensa a rikicin 1992. Fasto ya rasa hannu, Imam ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu. A 1995 suka haɗa kai suka fara aikin sasanta Musulmi da Kirista, kuma suna cikin waɗanda suka yi tsaye har shugabannin addini 22 suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a watan Agusta na 2002. Zafin ƙuruciyar bai mutu ba, hanya aka canza masa.

Babban sauyi ya zo ne da wayar hannu, wadda ta shigo a 2001. A watan Janairun 2012 da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa kusan 141, ta saƙon waya da Facebook matasa suka riƙa kiran juna, har gwamnati ta dawo da farashin naira 97. A 2018 matsin lambar matasa ya sa aka rage shekarun tsayawa takarar majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25. A 2019 kuma 'yan matan Arewa suka yi amfani da intanet suka fallasa fyaɗe da cin zarafin da aka daɗe ana rufewa saboda kunya. Kin ga ke nan yarinya tana zaune a ɗaki muryarta ta kai inda Gambo Sawaba sai ta taka da ƙafa.

Sai dai wayar tana tara jama'a cikin dare ɗaya ba tare da shugaba ba. A watan Agusta na 2024 matasa suka fito kan tsadar rayuwa. Yunwar gaskiya ce, kowace mai ɗora tukunya ta sani. Amma aka samu fashe-fashe, wasu suka ɗaga tutar Rasha, gwamnati ta sa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya. Ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da yara ƙanana daga Kano da Kaduna a wata kotu a Abuja bisa zargin cin amanar ƙasa, bayan kusan wata uku a tsare, wasu har suka yanke jiki suka faɗi. Sai da jama'a suka yi ca, sannan Shugaba Tinubu ya ba da umarnin sakinsu. Waɗanda suka watsa kiran a waya ba su ne suka kwana a bayan kanta ba.

Saboda haka, uwargida, ga inda aikinki yake. A da, sai yaro ya je zauren taro kafin a shigar da shi wata tafiya. Yanzu taron yana cikin aljihunsa, yana zaune gabanki yana cin tuwo. Hana shi damuwa da halin da jama'a ke ciki ba tarbiyya ba ce, domin da iyayen su Gambo sun yi nasarar hana su, da ba ki riƙe katin zaɓe ba. Ki zaunar da shi cikin lalama ki tambaye shi: "Ɗan nan, wa ya kira fitar? Me kuke nema takamaimai? In aka kama ka, wa zai tsaya maka?" In ya rasa amsa, ki nuna masa ƙungiyar unguwa mai yashe kwata, ko masu koyar da marayu karatu, ko masu ba da jini a asibiti. Nan ake koyon shugabanci da haƙuri. 'Yarki ma ki saurare ta in ta zo da ƙorafi, kada ki rufe mata baki.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da Kaduna lafiya. Sai mun sake haɗuwa, wassalamu alaikum.