Mamman Sani Abdoulaye

Mamman Sani Abdoulaye makaɗi ne ɗan ƙasar Nijar, kuma yana cikin mutanen farko da suka yi kiɗan zamani da ogan a yankin Sahel. Ogan wani nau'in fiyano ne mai aiki da lantarki, wanda sautinsa ke ci gaba da fita muddin yatsa na danne da maɓalli. Shi ne kayan kiɗan da Jimmy Smith ya ɗaukaka a kiɗan jaz na Amurka daga 1956, da samfurin Hammond B-3. Mamman Sani kuwa ya karkata shi zuwa waƙoƙin gida.

Rayuwarsa

An haife shi a Accra, babban birnin Ghana, a farkon shekarun 1950, daga baya iyayensa suka koma Nijar da shi. Ya yi aiki da hukumar UNESCO, aikin da ya kai shi Turai da Japan. A wani taron hukumar ne ya ga ogan ƙirar Italiya mai suna Orla a hannun wani wakili daga Ruwanda, ya saye shi ya dawo da shi Yamai.

Kiɗansa

Ba ya yawan sa murya. Hannu ɗaya na riƙe da amo mai maimaituwa, ɗayan na bin karin waƙa, ƙaramar na'urar ganga da ke jikin ogan ɗin tana ba da taki. Yawancin kare-karen daga waƙoƙin gargajiya na Nijar ya ɗauko su, har da na Fulani Wodaabe da na Buzaye, sai ya sassauta gudunsu har suka zama kamar kiɗan tunani. Wanda ya saba da kiɗan fiyano na finafinan Kano zai ji shi baƙo, domin ba kiɗan rawa ba ne, kuma ya riga wancan da shekaru masu yawa.

A 1978 ya ɗauki kundinsa na farko a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai. Kaset kusan ɗari kacal aka buga. Daga cikin kiɗe-kiɗen akwai "Salamatu" da "Lamru".

Tasirinsa

Rediyo da talabijin na Nijar sun shafe shekaru suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye, har ya zama ’yan ƙasar da dama sun haddace sautin ba tare da sanin mai shi ba. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley, da ke Portland a Amurka, ya sake fitar da kundin a faifai da sunan La Musique Électronique du Niger, bayan Kirkley ya ci karo da kaset ɗin a wata ma'ajiyar kiɗa a Yamai. Daga nan aka fara gayyatarsa wasa a Turai. Kamfanin ya biyo da Taaritt a 2014, kiɗan da ya ɗauka a Nijar da Faransa cikin shekarun 1980, sannan Unreleased Tapes 1981–1984.