Allurar da babu komai cikinta

A cikin kwallar Inna, ƙarƙashin zannuwan da ba ta ɗaurawa sai da salla, akwai wani tsohon karne na likita. Na yayana ne, wanda ban taɓa gani ba. Ya rasu da bazarar 1995 yana da shekara shida, ni kuwa sai can baya aka haife ni. Tun ina yaro abin da nake ji bai wuce "sanƙarau ya ɗauke shi" ba. Sai bara, da malaminmu na ilimin magunguna ya taɓo labarin shekarar a aji, na koma gida hutu na tambaye ta.

Ta ce: "An yi mai allura hwa. Da hannuna na kai shi, munka yi layi tun da sahe har rana ta take tsaka. Sati ukku bayan nan wuyanshi ya sanƙare."

Ƴan uwa ɗalibai, ga abin da ya faru a wannan shekara.

Nijar tana tsakiyar yankin da sanƙarau ya saba ziyarta, wanda ya miƙe daga Senegal har Habasha. Likitan nan ɗan Faransa, Lapeyssonnie, shi ya zana iyakarsa a 1963. Cutar tana tasowa da ƙurar hunturu, ta yi ƙarfi da zafin bazara, ta lafa in ruwa ya sauka. A 1995 ba ta zo da wasa ba: daga Fabrairu zuwa Mayu an ƙirga mutum sama da 41,000 da suka kamu, fiye da 3,000 suka rasu. Kuma ta tarar da ƙasa a gajiye. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗin Faransa da ake saye sefa 50 ya koma 100. Mu da kusan duk maganinmu daga waje yake zuwa, kun ga an taɓa mu inda ke ciwo. Gwamnati ta nemi taimako, aka shiga gangamin rigakafi, har aka yi wa mutum wajen miliyan 5 allura.

A watan Maris wata kyauta ta iso daga maƙwabciyarmu Najeriya: allurar mutum 88,000, kwalaben ɗauke da sunan Pasteur Mérieux da SmithKline Beecham, manyan kamfanonin da kowane lokotoro ya sani. Wa zai tsaya binciken kyautar ɗan uwa alhali yara na mutuwa? Aka raba, aka shiga yi.

Nan ne wurin da na fi so ku tsaya ku duba, don shi ya hana ni barci. Allurar sanƙarau ta wancan zamani gari ce busasshe a cikin ƴar kwalba. Sai a zuba mata ruwanta, a girgiza, nan take ta narke ta yi garau. Wasu ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, reshen Beljik, da ke aiki tare da ma'aikatan lafiyarmu, suka ga wannan garin yana gardamar narkewa, ga kuma wasu baƙaƙen zare-zare suna yawo a ciki. Shi ke nan fa. Babu na'ura, babu ɗakin gwaji, ido ne kawai, da mutumin da ya haɗa allurar nan sau dubu har hannunsa ya san halinta. A cikin zafin nan, ga layi har bayan gari, abu mafi sauƙi shi ne ka ƙara girgizawa ka ce wa na gaba ya matso. Su ba su yi haka ba, suka kai magana gaba.

Kowane magani na ƙwarai yana da lambar zubi, wadda muke ce wa "lo" a aji, wato lambar da ke nuna tukunyar da aka haɗa shi da lokacin da aka haɗa. Da aka tuntuɓi Pasteur Mérieux, sai ya ce lambobi da ranakun lalacewar da ke jikin kwalaben ba su dace da abin da ke rajistarsa ba. Aka gwada, aka tarar babu ko ɗigon sinadarin rigakafi a ciki. Takardar jiki da kwali duk kwaikwayo ne. An samu an janye wani kaso an lalata, amma kafin nan an kiyasta mutum wajen 60,000 sun riga sun karɓa.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta danganta mutuwar mutum 2,500 da wannan al'amari, ta kuma ce ƙasar da ta ba da kyautar ta ɗauka maganin na kirki ne. Ban kawo wannan don mu zagi ƴan Najeriya ba. Shekara ɗaya bayan haka, a 1996, sanƙarau ya kashe musu sama da mutum 11,000, mafi yawa a arewa, wato dangin iyayenmu na Katsina da Kano da Sakkwato. Ɗan jabu bai san iyaka ba, kuma bai tambayi kowa takardar ɗan ƙasa ba.

Ni abin da na fahimta shi ne, muguntar allurar banza ta bambanta da ta guba. Guba tana barin sawu, a ga yara sun sha abu ɗaya sun faɗi rana ɗaya. Wannan kuwa ba ta kashe kowa da hannunta, sai dai ta buɗe wa cuta ƙofa, ta kuma kwantar wa uwa da hankali. In yaro ya tashi da zazzaɓi da ciwon kai, sai a ce ai an yi masa allura, masassarar sauro ce, a ba shi kwana biyu. Sanƙarau kuwa yana iya kashewa cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma in ba a yi magani ba yana tafiya da kusan rabin waɗanda ya kama.

Mun saba in aka ce jabun magani sai mu tuna mai tire a tasha, da tramol, da ƙwayoyin da rana ta gasa. Gaskiya ne. Amma na 1995 ta ƙofar hukuma ya shigo, ma'aikata masu farar riga suka yi shi da kyakkyawar niyya.

Kuma bai tsaya nan ba. A 2010 aka kawo MenAfriVac, Nijar na cikin ƙasashe uku na farko tare da Mali da Burkina, nau'in A ya kusa ɓacewa. A 2015 sai nau'in C ya taso, mutum wajen 8,500 suka kamu, sama da 500 suka rasu, har aka rufe makarantun Yamai na ƴan kwanaki. Allura ta yi ƙaranci, iyaye suka bazama nema da kuɗinsu, a watan Mayu OMS ta fitar da gargaɗi kan jabun allurar sanƙarau da ke yawo a ƙasar. A 2017 da 2019 aka sake. Wasunmu ma muna cikin yaran da aka mayar gida a 2015 ɗin.

Na roƙi Inna ta buɗe mini karnen. A tsakiyarsa akwai ƴar takardar gangamin, ta yi ja don tsufa. Ga sunan yayana, ga kwanan wata, ga tambari. Gurbin lambar zubi babu komai. Na zauna na yi lissafi: 60,000 cikin miliyan 5, kusan ɗaya cikin 80 ke nan, kuma ko allurar ƙwarai ba kowa take karewa ba. Lissafi ya fi karkata ga cewa tasa mai kyau ce. Amma da wanda ya riƙe biro ran nan ya rubuta ƴan haruffa da lambobi a gurbin, da yau ba lissafi nake yi ba.

Inna ta tambaye ni: "Mi ka gani ciki?"

Na ce mata ba komai, Inna. Ta karɓa, ta naɗe shi cikin ledarsa, ta mayar ƙarƙashin zannuwa.