Raunin Tsaro a Shafin Sarrafa Na'urar Rarraba Intanet: Bayani ga Jama'ar Gaya da Ajingi

Gabatarwa

Na'urar rarraba intanet, wadda aka fi sani da rauta, ita ce ƙaramin akwatin nan da ke ba wayoyi da kwamfutoci intanet a shago ko ofis. A ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi ana samun ta a shagunan kwamfuta, wajen masu POS, makarantu da ofisoshin gwamnati. Kowace irin wannan na'ura tana da shafin sarrafawa, wanda ake buɗewa ta hanyar rubuta lamba kamar 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. Duk wanda ya shiga wannan shafi, to na'urar ta koma hannunsa.

Inda raunin yake

Da farko, yawancin na'urorin suna zuwa daga kamfani da suna da kalmar sirri iri ɗaya, galibi "admin", kuma masu saye ba sa canzawa. Da irin waɗannan kalmomi ne muguwar manhajar Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan na'urori a shekarar 2016.

Na biyu, kuskure ne a cikin manhajar na'urar kanta. A watan Janairun 2019 kamfanin Cisco ya bayyana cewa ana iya ɗauke bayanan saitin na'urorinsa samfurin RV320 da RV325 ba tare da kalmar sirri ba, sannan ya fitar da gyara. A Janairun 2023 kuma ya sanar da wani raunin a samfurin RV016, RV042, RV042G da RV082, amma ya ce ba zai gyara ba, saboda wa'adin kula da su ya ƙare.

Illar da ke biyo baya

Ɓarawon da ya shiga shafin yana iya karkatar da mai amfani zuwa shafin banki na bogi, ko ya leƙa bayanan da ba a rufe su ba. Mai shago ba zai ga alama ba, domin intanet na ci gaba da aiki. A 2018 manhajar VPNFilter ta kama aƙalla na'urori 500,000 a ƙasashe 54.

Matakan kariya

1. A canza kalmar sirrin shafin sarrafawa tun ranar da aka kafa na'ura, kuma ta bambanta da wadda ake ba abokan ciniki.
2. A kashe damar sarrafa na'ura daga nesa.
3. A riƙa sabunta manhajarta daga shafin kamfanin da ya ƙera ta.
4. Na'urar da kamfani ya daina gyarawa, a sauya ta. A yi hattara da tsofaffin na'urori 'yan gwanjo.
5. Idan ma'aikaci ya bar aiki, ko mai gyara ya gama, a sake kalmar sirri.

Kira ga shugabanni

Muna kira ga shugabannin sassa na ƙananan hukumomin biyu da su rubuta sunan kowace na'ura da samfurinta, su kuma ɗora wa jami'i guda alhakin kula da su. Muna roƙon hakimai, dagatai da shugabannin 'yan kasuwa su isar da wannan saƙo ga jama'a. Shiga na'urar wani ba da izini ba laifi ne a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Wanda ya ga an taɓa asusunsa ya hanzarta sanar da bankinsa da 'yan sanda. Rigakafi ya fi magani.