Ƙafar da Ta Kawo Mu Yawunde: Tarihin Kumburin Jijiya da Maganinsa

Da ƙafa kakanninmu suka zo garin nan. A 1889 Jamusawa suka kafa sansaninsu a ƙasar Ewondo, kuma ba a jima ba fatake suka fara sauka a gefensa. Daga ƙasar Hausa suke tasowa, su bi ta Yola, su hau tudun Adamawa, su yada zango a Ngaundere ko Banyo ko Tibati, su gangaro ta Yoko, su ƙetare kogin Sanaga, suna neman hauren giwa da danƙo. Tafiya ce ta watanni, kaya a ka. Jirgin ƙasa bai haɗa Yawunde da Ngaundere ba sai 1974. Unguwar da muke zaune, wadda Ewondo ke kira Ekoudou, ta sami sunan Briqueterie ne daga ma'aikatar tubali da Turawa suka kafa a wurin.

Yau mun sauka daga hanya, sana'o'inmu sun koma na tsaye da na zaune. Mahauci yana tsaye tun asuba. Mai tsire yana gaban tukuba daga la'asar har dare ya raba. Tela da mai surfani sukan wuni a kujera ɗaya, haka iyayenmu mata masu tuya da abincin sayarwa. A ƙarƙashin wando da zani kuwa akwai wani ciwo da ba mu cika ambatonsa ba: jijiyoyi su taso a sharaɓa, su murɗe kamar igiya, ƙafa ta yi nauyi da yamma, idon sawu ya kumbura. Wasu kuma sirara ne a bisa fata, kamar saƙar gizo-gizo. Likitocinmu da Faransanci suna ce masa varices, Larabawa kuma dawali.

Jinin da ya gangara ƙafa dole ya hau ya koma zuciya, kuma abu biyu ke taimakonsa. Na farko tsokar sharaɓa, wadda ke matse jijiya a duk taku, ta tura jini sama. Na biyu wasu 'yan ƙyamare ne a cikin jijiyar, masu buɗewa jini ya wuce, su rufe kada ya dawo. Idan ƙyamaren suka saki, jini sai ya kwanta a ƙasa, jijiya ta buɗe, ta kumbura. Bafatake yana tafe tsokarsa tana aiki. Jikansa yana tsaye wuri ɗaya jini na taruwa. Ko keken ɗinki na ƙafa yana motsa sharaɓa, abin da na lantarki ba ya yi. A 1972 Denis Burkitt, likitan fiɗa da ya daɗe yana aiki a Yuganda, ya rubuta cewa ciwon yana da ƙaranci a ƙauyukan Afirka, yana da yawa a biranen Turai. Shi ya ɗora laifin a kan abinci marar dusa. Abin da likitoci suka tabbatar kuwa shi ne gado, da tsufa, da ƙiba, da yawan ɗaukar ciki, da doguwar tsayuwa.

Ciwon ya girmi duk asibitocin duniya. Wata takardar likitancin Masar ta kimanin shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wadda ake kira takardar Ebers, ta ambaci kumburi mai laƙwasa kamar maciji, ta kuma yi gargaɗi kada a sa masa wuƙa. A Andalus, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ya rasu a 1013, ya bayyana a babin fiɗa na littafinsa At-Tasrif yadda ake buɗe fata a zare jijiyar gaba ɗaya. A 1603 Fabricius na jami'ar Padua a Italiya ya wallafa bayanin ƙyamaren jijiya, sannan ɗalibinsa William Harvey na Ingila ya nuna a 1628 cewa jini zagayawa yake yi. A 1891, shekara biyu bayan kafa sansanin Yawunde, Bajamushe Friedrich Trendelenburg ya wallafa dabararsa ta ɗaure babbar jijiyar cinya don hana jini komowa. A 1907 Babcock na Amurka ya fito da wayar zare jijiya. Daga ƙarshen ƙarni na 20 aka fara toshe ta daga ciki da zafi, ba tare da babban yanka ba.

Mu kuma namu likitan da ya biyo ayari shi ne wanzami, da zabirarsa da askarsa da ƙahonsa. Shi ke aski da kaciya da cire beli, shi ke tsaga da ƙaho idan an ce mataccen jini ya taru. A zamanin da babu wani mai duba mu, ya riƙe al'umma, kuma ƙaho yana da matsayinsa a addini da al'ada. Sai dai jijiyar da ta kumbura ba wurin aska ba ce. Jinin da ke cikinta a matse yake, idan an tsaga yakan yi tsartuwa ya ƙi tsayawa. Wanda aka zubar kuma wani zai maye gurbinsa kafin gari ya waye, domin ƙyauren da ya saki yana nan yadda yake. Fatar da ke kusa da idon sawu, wadda ta riga ta yi baƙi ta yi tauri, ƙaramin rauni ya isa ya mayar da ita gyambo. Gyambon nan shi ne kan yi shekaru yana ruwa, har a ce jifa ne ko an taka wani abu, a ƙarar da jari wajen karya sammu, alhali tushensa jini ne da ya kasa hawa.

Abin da kakanninmu ba su samu ba, mu yana kusa da mu. Tun 1969 ake horar da likitoci a Yawunde, kuma a manyan asibitoci irin su Hôpital Central da Hôpital Général ana duba jijiya da na'urar eko-Dopla, irin wadda ake duba mai ciki da ita. Ba yanka, ba allura. Likita yana ganin inda jini ke komowa baya. Daga nan magani hawa-hawa ne. Akwai safa mai matsewa, wadda ake sawa da safe kafin ƙafa ta kumbura, amma sai likita ya auna, musamman ga mai ciwon sukari. Akwai allurar da ke liƙe ƙananan jijiyoyi su ɓace, ita ce ake yi wa masu kama da saƙar gizo-gizo. Akwai kuma fiɗa ga babbar jijiya. Cire ta ba ya hana jini hanya, domin mafi yawansa ta jijiyoyin can cikin tsoka yake bi. Wanda ciki ya kawo kuwa sau da yawa yakan ragu a watannin farko bayan haihuwa.

Abu biyu ba sa jiran gobe. Idan jijiya ta fashe, a kwantar da mutum, a ɗaga ƙafar sama da ƙirjinsa, a danne wurin da tsumma mai tsabta, a nufi asibiti. Idan kuma ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya da zafi da ciwo, kada a murza ta, kada a gasa. Yana iya zama jini ne ya daskare a jijiyar ciki, kuma gudan yana iya ɓallewa ya toshe huhu.

Sauran kuma yana hannunmu. Mai tsire ya riƙa ɗaga dunduniya yana saukewa a gaban tukuba. Tela ya miƙe ya taka duk bayan awa ɗaya. Mai zuwa kasuwar Mokolo, in da hali, ya bar babur ya tafi da ƙafa. Da dare a ɗora ƙafa a kan matashi. Mu kuma 'ya'ya mu tambayi iyayenmu, musamman mata, waɗanda kunya ke hana su nuna ƙauri ko ga likita, mu raka su kafin fata ta buɗe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan magabatan da suka tako har suka kafa mana wannan unguwa.